Yadda ɗan Zango zai bi lamunin gida a Akra har ya karɓi makulli

Duk wanda ya yi zaman haya a Nima, Mamobi ko Sabon Zango ya san watan da barci ke ƙaurace wa ido, wato watan da adibas, kuɗin hayar da aka biya gaba, ya kusa ƙarewa. Dokar haya ta 1963 ta ce mai gida ba zai karɓi kuɗin da ya wuce na wata 6 a dunƙule ba, amma je ka karanta wa mai ɗaki wannan dokar ka ga yadda zai dube ka. Shekara biyu zai ce, in ba ka da su akwai mutum uku a bayanka. Haka muke ta tara kuɗi a dunƙule muna miƙa wa wani, shekara ashirin, talatin, ko bulo ɗaya ba namu ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Ghana na da giɓin gidaje kimanin miliyan 1.8, saboda haka kada ka zauna jiran ranar da haya za ta yi sauƙi.

Mutumin da ya iya haɗa adibas ɗin shekara biyu sau biyar a rayuwarsa ba ƙarfin tara kuɗi ya rasa ba. Abin da ke tsakaninsa da lamunin gida, wanda ma'aikatan banki ke kira mogej, takarda ce. Banki bai san ka a sahun farko na masallaci ba, bai san cewa duk Kasuwar Nima an yarda da amanarka ba. Takarda uku yake karantawa: wadda ta nuna ko kai wane ne, wadda ta nuna abin da ke shigo maka, da wadda ta nuna cewa gidan na wanda zai sayar maka ne. Mu kuwa mutanen Zango ciniki da baki muka gada, da shaidu biyu da Fatiha.

Me gwamnati ta tanada?

A 2018 gwamnati ta kafa wani asusu a ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, wanda yanzu ake kira National Homeownership Fund. Gwamnati na zuba nata kuɗin, bankunan da ke cikin shirin su zuba nasu, a haɗa, sai ruwan da ke kan lamunin ya sauko. Bankuna uku aka fara da su: GCB, Republic da Stanbic. A farkon shirin ruwan ya tsaya wajen kashi 12 cikin 100, a lokacin da lamunin sidi na kasuwa ya haura kashi 20. Gidajen Community 22 da ke Tema na cikin abin da shirin ya haifar, akwai kuma ɓangaren haya-zuwa-mallaka, inda kake zaune kana biya wata-wata har gidan ya koma naka. Amma ma'aikatan gwamnati shirin ya fi kallo, malaman makaranta, nas-nas, 'yan sanda da sauran waɗanda albashinsu ke fitowa daga ofishin Controller mai biyan albashin gwamnati, domin a can ake cire kuɗin tun bai iso hannunsu ba.

Bayan wannan akwai kamfanonin gwamnati masu gina gidaje su sayar, State Housing Company da TDC na Tema, da gidajen da SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, ta kammala a Borteyman da kuma Asokore Mampong can Kumasi. Kalmar "mai rahusa" da ake liƙa wa waɗannan gidaje a yi mata karatun hankali. Rahusa ce ga mai albashi mai kauri, ba ga mai tura baro a Agbogbloshie ba. Sai dai takardunsu sun fi na kasuwa tsabta, kuma wannan kaɗai ya isa a fara leƙa su. Kada kuma ka ɗora lissafin rayuwarka kan gidan da ba a gama ba. Rukunin gidajen gwamnati na Saglemi ya ishe mu darasi: an yi shelar gidaje 5,000, aka tsaya a kimanin 1,500, su ma suka yi shekaru ciyawa na cin su.

Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ba ya ba mutum ɗaya lamunin gida. Ayyukan unguwa yake yi, irin su makarantu, magudanan ruwa da fitilun titi. Na faɗi haka ne domin na sha jin matasa na cewa can za su kai takardunsu.

Maganar riba tukuna

Ba zan yi tsalle in wuce wannan ba, domin shi ne abin da ya fi tsayar da mutanenmu tun kafin su kai ƙofar banki. Mogej na yau da kullum, har da wanda gwamnati ta sa hannu, bashi ne mai ruwa. Akasarin malamanmu sun ce riba ce, ba ta halatta. Akwai malaman da suka yi sassauci ga Musulmi marasa rinjaye a ƙasa kan gidan zama na farko idan larura ta kai, wasu kuma suka ƙi wannan sassaucin. Ni ba mai fatawa ba ne. Ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka kai masa ainihin takardar tayin bankin ya gani, kada ka ba shi labari da baki.

Dokar bankuna ta 2016 ta buɗe ƙofar harkar banki marar ruwa, irin wadda Jaiz ke yi a Najeriya tun 2012, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da riba sananniya, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa a hankali. Idan wani ya zo maka da irin wannan tayin a nan Akra, tambayar farko ita ce lasisin Bank of Ghana, babban bankin ƙasa. Shi ma haya-zuwa-mallaka sunan kaɗai ba ya wanke shi, sai an karanta yadda aka lissafa kuɗin da abin da zai faru idan ka makara. Wanda kuma ya yanke shawarar ba zai taɓa bashi ba, ya ci gaba da karatu, domin duk abin da ya shafi fili da takardu a ƙasa nasa ne shi ma.

Mataki na farko: gyara sunanka

Tun 1 ga Yulin 2022 babu hulɗa da banki ba tare da Ghana Card ba, kuma lambar katin ita ce lambar harajinka. Wannan kowa ya sani. Abin da ke kayar da mu shi ne bambancin suna. A katin kai Mohammed ne, a SSNIT Muhammed, a takardar makaranta Mamudu, a fasfo kuma an ƙara sunan kakanka. Ga mu duk mutum ɗaya ne, ga kwamfutar banki mutum huɗu ne. Ka ɗauki rana guda ka baje duk takardunka a tabarma, ka duba harafi-harafi da ranar haihuwa. Inda suka saɓa, a yi rantsuwar kotu a gyara, wani gyaran ma sai an buga shi a gazet. Abu ne mai cin watanni, saboda haka shi ake farawa da shi.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa a fili ba. Mai suna irin namu yakan sha tambayoyin da ba a yi wa wasu: ina aka haifi babanka, ina garinku na asali? Tun korar baƙi ta 1969 dattawanmu da yawa suka ɗauki ofis a matsayin wurin da ake gudu, mu kuma muka tashi ba takardar haihuwa. A harkar gida wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fili fiye da shekara 50 a lokaci guda, alhali ɗan ƙasa yakan samu har 99 a filin zama. In akwai tsoffin takardun iyaye ko kakanni a akwatin Hajiya, a ciro su a adana.

Mataki na biyu: bari kuɗinka ya bar sawu

Mai albashi nasa da sauƙi: takardun albashi na watanni uku na baya, bayanan asusun banki na aƙalla wata shida, da wasiƙa daga wurin aiki. Yawanci za a so albashin ya riƙa bi ta bankin da zai ba da lamunin.

Aikin yana kan ɗan kasuwa, da Hajiya mai sayar da atamfa a Makola, da mahauci, da mai motocin tirotiro, da tela. Irin waɗannan wani lokaci sun fi ma'aikacin ofis samu nesa ba kusa ba, amma kuɗin daga aljihu yake zuwa aljihu. Abin yi shi ne ka ba kanka shekara ɗaya zuwa biyu kana gina tarihi. Yi wa sana'ar rajista a ofishin rajistar kamfanoni, ko da sunan kasuwanci ne kawai. Buɗe mata asusu dabam da na cefane. Cinikin yau ya kwana a banki ko da gobe za ka cire shi ka saro kaya, domin shiga da fitan ake son gani. Kuɗin momo, wato na waya, a riƙa tura shi asusun. Biya haraji ka riƙe rasit. Susu, wato adashe, abu ne mai kyau, da shi iyayenmu mata suka aurar da 'ya'ya suka je Makka, amma katin mai susu ba hujja ba ne a wurin banki. Ranar da ka kwashi susu, ka zuba shi a asusu.

Sannan ka share bayanka. Akwai kamfanonin da Bank of Ghana ya ba lasisin tattara tarihin masu bashi, irin su XDS Data da Dun & Bradstreet, kuma kowane banki na leƙa su. Ɗan rancen waya na sidi 300 da ka ci ka jefar da layin, da bashin abokin da ka tsaya wa ya gudu, duk suna iya fitowa. Kana da damar neman rahotonka da kanka. Gara ka gani ka biya tun kafin jami'in banki ya juyo maka da fuskar kwamfuta.

Mataki na uku: lissafi, kafin ka ga gidan da zai shiga ranka

Bankuna ba sa son biyan wata ya wuce wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ke shigo maka bayan an cire haraji, kuma duk wani bashin da kake biya yana cikin wannan kason. Yawanci sukan so ka kawo wajen kashi 20 na kuɗin gidan daga aljihunka. Tsawon biya kan kai shekara 15 zuwa 20, amma dole ka gama kafin shekarun ritaya, wato 60. Mai shekara 48 ba zai samu 20 ba, 12 zai samu, kuma biyan watansa zai yi nauyi.

Ga misali da alƙalami. A ce gidan sidi 250,000 ne, ka kawo 50,000, banki ya ba ka 200,000. Idan ruwan kashi 12 ne na shekara 20, za ka riƙa biyan kimanin 2,200 a wata, wato sai samunka ya kai wajen 5,500. Jimillar abin da za ka biya ta kai kusan 528,000. Idan kuma ruwan kashi 25 ne, biyan wata ya zama kusan 4,200, jimilla ta haura miliyan ɗaya. Gida ɗaya, mutum ɗaya. Wannan tazarar ita ce dukkan amfanin shirin gwamnati, kuma ita ce dalilin da zai sa ka jure layi da jeka-ka-dawo idan ka cancanta.

Dubi wani abu kuma. A wata na farko na wancan lamunin mai kashi 12, daga cikin 2,200 ɗin, 2,000 ruwa ne, 200 kacal ke rage uwar kuɗi. Mutane kan yi shekara biyar suna biya, su je su tambayi saura, su fito suna salati. Ba cuta aka yi musu ba, haka lissafin yake. Amma da ka zaɓi shekara 15 maimakon 20, biyan wata zai zama kimanin 2,400, jimilla kuma 432,000. Ƙarin 200 a wata ya tsare maka kusan 96,000.

Lamunin dala kuwa, in ba da dala ake biyanka ba, ka guje shi ko da ruwansa ya yi maka murmushi. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen shekarar ta kai wajen 15 a hannun 'yan canji, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 a Disamba. Wanda ke biyan dala 400 a wata ya kwanta da bashin 2,400 ya tashi da na kusan 6,000, albashinsa kuwa yana nan inda yake. Ko ɗan'uwa ne a Jamus ko Amurka ya ce zai riƙa turowa, ka tambayi kanka abin da za ka yi ranar da aikinsa ya tsaya.

Mataki na huɗu: kuɗin fanshonka na iya zama kafin alƙalami

Wannan ƙofa ce da ma'aikata da yawa ba su san da ita ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2008, ana tara kashi 18.5 na albashinka na asali kowane wata, 13 daga mai aiki, 5.5 daga gare ka. Kashi 13.5 na tafiya SSNIT, wannan ba a taɓa shi. Sauran kashi 5 na zuwa mataki na biyu na fansho, wato Tiya 2, hannun kamfanin amintattu masu zaman kansu. Dokar ta yarda ka jinginar da abin da ka tara a Tiya 2, da na Tiya 3, wanda mutum ke zubawa don raɗin kansa, idan kana da shi, domin samun lamunin gidan da za ka zauna a ciki. Gidan zamanka na kanka, ba na haya ba, ba shago ba.

Ka tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinku wane kamfani ne ke riƙe da Tiya 2 ɗinku, ka nemi bayanin abin da ya taru, ka tabbatar ana zubawa da gaske, domin akwai masu aikin da ke cirewa a takarda ba su kai ba. Sai ka kai wa banki, su rubuta wa amintattun, a ɗaure kuɗin a matsayin jingina. Ga wanda ya yi shekara goma sha yana aiki, wannan na iya cike kashi 20 ɗin nan ko ya rage shi sosai. Sai dai ka sani guzurin tsufanka ka ɗora a kan tebur. Mai sana'ar kansa shi ma yana iya buɗe Tiya 3 ya riƙa zubawa, hukumar NPRA ce ke sa ido a kan kamfanonin.

Mataki na biyar: fili, inda ake kuka

A nan zan daɗe, domin a nan dukiyar mutanenmu ta fi salwanta. Akasarin filayen Akra na sarautu ne da dangogin Ga, kaɗan ne na gwamnati. Dokar filaye ta 2020 ta hana sayar da filin sarauta ko na dangi sayarwa ta har abada. Abin da kake saya haya ce mai tsawo, kuma akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara da za ka riƙa biya. In tsohon gida ne, tambayi shekarun da suka rage a kan takardar. Banki ba zai karɓi wadda ta kusa ƙarewa ba.

Indenca kaɗai ba mallaka ba ce. Takarda ce da ke cewa wane ya ba wane, kuma ana iya rubuta goma a kan fili ɗaya. Wani ɗan'uwanmu ya sayi fili a bayan Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, da indenca mai hatimi da sa hannun dattawa. Ya zuba yashi da bulo 2,000. Da ya koma bayan azumi ya tarar da wani ya kai ginin linta a wurin, shi ma da tasa indencar daga wani reshen dangin. Shekara shida ana shari'a. Dillalin da ya haɗa cinikin kuwa tare muke sallar Juma'a da shi, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin bincike.

Ga yadda ake yi. Ka karɓi taswirar filin daga mai sayarwa, amma ka ɗauko safiyo, wato mai awon fili, mai lasisi naka na kanka, ya je ya auna ya tabbatar cewa filin da aka nuna maka da ƙafa shi ne wanda ke kan takarda. Sau da yawa ba shi ba ne. Da wannan taswirar za ka je hukumar filaye, Lands Commission, da ke Cantonments ka nemi bincike a hukumance. Sakamakon zai nuna sunan wanda aka rubuta, ko gwamnati ta taɓa karɓe wurin, ko akwai hukuncin kotu a kai, ko an riga an jinginar. Kai ko lauyanka za ku nema, kada ka karɓi kwafin da mai sayarwa ya ciro daga jakarsa. A duba rajistar jingina ta Bank of Ghana, a leƙa kotu ko akwai ƙara. Sannan majalisar gundumar wurin ta gaya maka ko an ware shi don hanya, makaranta ko magudanar ruwa, ko kuma gidan na da izinin gini.

Bayan ofis sai ƙafa. Je ka wurin ba tare da dillali ba, ka sayi ruwan leda a shagon maƙwabta ka zauna hira. Wa ke da nan? An taɓa faɗa a kai? 'Yan landigad, 'yan dabar da ake ɗauka su tsare fili, na zuwa? Doka ta haramta aikinsu da hukunci mai tsanani, amma inda ka ji labarinsu, rigima ce ke kwance. Ka kuma je a watan Yuni bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Wanda ya ga ambaliyar da ta faru a Circle ranar 3 ga Yunin 2015, ko yadda gidajen ƙasan Weija ke cika idan an buɗe madatsar, ba zai sayi fili da rani kawai ba.

In filin dangi ne, shugaban dangi da manyan dattawansa ne za su sa hannu, ba wani saurayi mai cewa shi jikan sarki ba ne. Masu saye a Kumasi kuma su sani takardar rabon fili daga sarkin yanki mafari ce kawai, sai ta bi ta sakatariyar filaye ta Asantehene a Manhyia kafin ta kai Lands Commission.

Kuɗi kuma kada ya bi ta hannu. Dokar dillancin gidaje ta 2020 ta ce a biya ta banki ko ta hanyar lantarki, kuma ko ba doka wannan ne shaidarka. In kamfani ne ke gina rukunin gidaje yana cewa ka fara biya tun ana share fili, je ka ga waɗanda ya gama a baya, ka yi magana da mazauna ciki, ka tambaya ko sun karɓi takardunsu. Ban da cinikin biri a sama.

Wata tambaya da ake yawan yi: gidanmu na gado a Nima fa, ba za a jinginar da shi ba? Da wuya. Yawancin gidajen nan ba su da rajista, suna kan sunan kakan da ya rasu tun zamanin Nkrumah, magada kuma sun kai arba'in, wasu a Legas wasu a Hambug. Sai an karɓo izinin kula da gado daga kotu, an mayar da gidan sunan magada a rubuce, kowa ya yarda. Ko da zai yiwu, ni ban ba da shawarar a ɗora rufin asirin zuri'a guda a kan bashin mutum ɗaya ba.

Mataki na shida: zama da banki

Kada ka tsaya a banki ɗaya. Je uku, ka tambayi kowanne ko yana cikin shirin gwamnati a yanzu kuma ko ka cancanta. Republic shi ne tsohon HFC da aka kafa musamman don lamunin gida, First National kuma shi ya sayi tsohon Ghana Home Loans a 2020, saboda haka duka biyun sun daɗe a harkar. Nemi su fara auna ka su faɗi iyakar abin da za su iya ba ka kafin ka shiga neman gida.

Idan ka samu gidan, mai sayarwa zai ba ka takardar tayi, banki ya tura mai kimantawa. Kan ƙimar da shi ya rubuta za su ba da kuɗi, ba kan farashin da kuka yi ba. In ya ce gidan 220,000 ne alhali kun daidaita a 250,000, cikon na wuyanka. Lauyoyinsu za su sake nasu binciken, sannan a ba ka takardar sharuɗɗa. Doka ta wajabta musu bayyana maka dukkan kuɗaɗen kafin ka sa hannu. Kai ta gida, ka kwana da ita, ka nuna wa lauyanka. Ruwan tsayayye ne ko yana bin ma'aunin ruwan bankuna na Ghana Reference Rate yana hawa da sauka? Akwai tara idan ka biya da wuri? Nawa ne tarar makara?

Ka ware kuɗi dabam na hidima: kuɗin duba takardu, na mai kimantawa, na lauya, na sitam wanda kan kai kashi 1 na darajar gidan, na rajista, inshorar gobara, da inshorar rai wadda ke biyan sauran bashin idan ta Allah ta kasance. Mutane kan haɗa kashi 20 cif su zo, sai waɗannan su tsayar da su. Banki zai biya mai sayarwa kai tsaye, kuɗin ba zai bi ta hannunka ba.

Iyali ma na da bakin magana. Dokar filaye ta 2020 ta ce dukiyar ƙasa da aka saya cikin aure ba a sayar da ita ko jinginar da ita sai da rubutaccen izinin abokin zama. Miji da mata na iya haɗa samunsu su nemi lamuni tare, wanda ke ɗaga abin da za a ba su, kuma in uwargida ta zuba kuɗinta, sunanta ya hau takarda. Mai mata fiye da ɗaya ya zauna da lauya da malami tun yanzu a rubuta wa ke da me.

Wanda kuɗin gida gamamme ya fi ƙarfinsa

Shi ne mafi yawanmu, kuma ba abin kunya ba ne. Yawancin gidajen Ghana da kaɗan-kaɗan aka gina su. Sayi fili mai tsabtar takarda a inda ƙarfinka ya kai, Amasaman, Oyibi, Dodowa ko Afienya, ka lissafa kuɗin mota da awannin da za ka riƙa kashewa a hanya, ka duba nisan masallaci da makarantar allo ga yara. Yi masa rajista da sunanka kafin ka sayi buhun siminti ɗaya. Fara da cemba da hol, wato ɗaki da falo, a gefe guda na taswirar babban gidan, ka tare, adibas ɗin da za ka ba mai haya ya koma bulo. Ga wanda ya yarda da lamuni, bankuna na da na kammala gini, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi saurin biyuwa, amma shi ma sai fili mai rajista da izinin gini.

Bayan an karɓi makulli

Mai biyan haraji na iya neman rangwame a hukumar haraji ta GRA kan ruwan da yake biya na gidan zamansa, gida ɗaya a rayuwa. Ba ya zuwa da kansa, sai ka cike takarda. Duk lokacin da wani kuɗi ya faɗo, ka rage uwar bashin, ka kuma ce a rubuta cewa uwar kuɗi ka rage.

In abu ya ɓaci, aiki ya tsaya ko kasuwa ta mutu, kada ka kashe waya. Dokar lamunin gida ta 2008 ta ba mai ba da bashi ikon karɓe gidan ya sayar bayan ya ba ka sanarwa, ba lallai sai ya bi doguwar shari'a ba. Je ka same su tun a watan farko, a rubuce, ka nemi a sake tsara biyan. In ta ƙi, gara ka sayar da kanka da daraja ka biya su ka riƙe saura, da a yi maka gwanjo.

Ranar da ka biya kuɗin ƙarshe kuma aiki bai ƙare ba. Karɓi wasiƙar da ke nuna ba a bin ka komai, da takardar sakin jingina, da asalin takardun gidanka da ke ajiye a wurinsu. Kai takardar sakin Lands Commission a soke jinginar daga rajista, in an ɗaure Tiya 2 ɗinka a rubuta wa amintattun su sake shi. Bayan wata biyu ka sake neman bincike a kan gidan, ka ga da idonka cewa sunanka ne kaɗai ya fito.